Matan da Suka Zauna a Bakin Ƙofa

 

A cikin watan Yuli na shekarar 2003, a birnin Akra na ƙasar Gana, wanda mutanenmu mazauna zango suka saba kira Ankara, akwai wani babban zaure da aka tara madugan yaƙin Laberiya a cikinsa domin su yi sulhu, aka kuma naɗa musu Janar Abdulsalami Abubakar, tsohon shugaban Nijeriya, ya zama mai shiga tsakani. Bayan an shafe fiye da mako shida ana shiga ana fita, ana ci ana sha, alhali kuwa can gida harsasan igwa suna ta sauka a kan talakawan Monrobiya, sai wata rana mata kimanin 200, sanye da fararen tufafi, suka zo suka zauna a ƙasa a bakin ƙofar zauren nan, suka sarƙe hannuwansu da na juna, suka aika wa Janar da 'yar takarda cewa babu wakilin da zai fita, ko da don neman abinci ne, sai an daidaita.

Wannan ƙofa ita ce nake so mu tsaya a gabanta yau mu yi nazari. A cikin zauren akwai kujeru da alawus da masauki mai kyau, kuma manyan da ke bisa kujerun nan, in aka ɗebe 'yan siyasa da wakilan ƙungiyoyi, mutane ne waɗanda hujjarsu ta samun wurin zama ita ce yawan bindigogin da ke bayansu. A waje kuwa, a kan daɓe, akwai waɗanda aka kashe wa maza, aka ƙwace wa 'ya'ya, aka keta wa haddi. Amma kafin mu kai ga abin da ya gudana a ranar, wajibi ne mu koma baya kaɗan, mu ga ta inda wutar ta kama.

Laberiya ƙaramar ƙasa ce a gaɓar teku, tsakanin Saliyo da Gini da Kwaddibuwa, wadda 'yantattun bayi daga Amurka suka fara sauka a cikinta a 1822, suka ayyana ta jamhuriya a 1847, sa'an nan zuriyarsu, duk da ƙarancinta, ta riƙe mulki da dukiya fiye da shekara 130, 'yan asalin ƙasa suna kallo. A 1980 wani ƙaramin soja mai muƙamin saje, Samuel Doe, ya jagoranci juyin mulkin da aka kashe Shugaba William Tolbert a cikinsa, jama'a suka yi guɗa suna zaton zalunci ya ƙare, ashe hannu kawai ya sauya. A ranar 24 ga Disamba, 1989, Charles Taylor ya ƙetaro daga Kwaddibuwa zuwa yankin Nimba da mayaƙa 'yan ƙalilan, kuma fitinar da ta tashi daga nan ba ta kwanta ba sai bayan shekara 14, in ban da ɗan numfashin da aka samu a tsakiya, bayan ta lashe rayuka kimanin 250,000 a ƙasar da jama'arta duka-duka kimanin miliyan 3 ce. Mu ma a nan ba mu tsira daga raɗaɗinta ba, domin rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOMOG, da ta sauka Monrobiya a watan Agusta na 1990 galibinta sojojin Nijeriya ne, kuma gidaje da yawa a ƙasar nan sun karɓi ta'aziyyar 'ya'yansu da suka tafi ba su dawo ba.

Ba zan azabtar da kunnuwanku da lissafin ta'asa ba, sai dai akwai dare ɗaya da ba zan iya tsallake shi ba, domin za mu sake komawa gare shi. A daren 29 ga Yuli, 1990, sojojin gwamnatin Doe suka shiga majami'ar St. Peter ta ɗariƙar Lutheran da ke unguwar Sinkor, inda mutane kimanin 2,000 suka fake, galibinsu 'yan ƙabilun Gio da Mano da ake zargi da goyon bayan 'yan tawaye, suka kashe kimanin 600 da bindiga da adda, maza da mata da jarirai, a cikin ɗakin ibada. Mayaƙan Taylor kuwa, a nasu ɓangaren, suna farautar 'yan ƙabilar Krahn, watau dangin Doe, da kuma Mandingo, waɗanda Musulmi ne, a shingayen hanya, inda sunan mutum ko harshensa kaɗai ya isa a yanke masa hukunci. Waɗanda ke tsaye a shingayen nan sau da yawa yara ne da ba su balaga ba, an ɗirka musu ƙwaya, an rataya musu bindigar da ta kusa tsawonsu. Fyaɗe kuwa ya zama makami kamar kowane makami, ba a bar tsohuwa ba, ba a bar ƙanƙanuwa ba. A 1997 aka yi zaɓe, Taylor ya lashe kashi 75 cikin ɗari, mutane da yawa sun jefa masa ƙuri'a ne don tsoron kada ya koma daji. Amma ba a cika shekara uku ba sai ga sababbin 'yan tawaye na ƙungiyar LURD sun ɓullo ta iyakar Gini, aka koma gidan jiya.

To, a cikin wannan hali ne wata yarinya mai suna Leymah Gbowee ta girma. An haife ta a 1972, tana da shekara 17 yaƙi ya same ta, ta ɗanɗani gudun hijira a sansanin Buduburam na ƙasar Gana, ta dawo gida da ƙananan 'ya'ya da hannu wofi, daga bisani ta sami aiki a wani shiri na cocin Lutheran na kwantar da hankalin waɗanda yaƙi ya gigita, inda aka haɗa ta da yaran nan da suka yi wa Taylor yaƙi, waɗansu ba ƙafa, waɗansu ba hannu, dukansu an yar da su bayan an gama morarsu. Wanda ya zauna da irin waɗannan yara watanni yana sauraronsu zai fahimci abin da mai kallo daga nesa ba zai fahimta ba, watau cewa mai kisan da wanda aka kashe sau da yawa ciki ɗaya suka fito, kuma uwa ɗaya ce take kuka a kansu duka biyu.

Adalci ne a faɗi cewa ba ita ta fara ba. Tun 1994 wata dattijuwar malamar makaranta, Mary Brownell, ta tara mata suna matsa wa madugan yaƙi su ajiye makamai. A 1996 wata mace, Ruth Sando Perry, ta shugabanci majalisar riƙon ƙwarya har zuwa zaɓe. Ƙungiyar matan ƙasashen Kogin Mano kuwa, watau Laberiya da Saliyo da Gini, tana cikin waɗanda suka yi ta zirga-zirga har shugabannin ƙasashen uku, da ba sa ga maciji da juna, suka haɗu a Rabat a 2002. Sa'an nan wata lauya 'yar Nijeriya, Thelma Ekiyor, ita ce ta kafa ƙungiyar horar da matan Afirka ta Yamma a kan aikin sulhu, wadda Leymah ta zama jagorarta a Laberiya. Na kawo sunayen nan ne da gangan, domin tarihi yana da ɗabi'ar ɗaukar mutum ɗaya ya ɗora masa rawani, ya mance da masu saƙar rawanin.

Leymah ta ba da labari cewa a 2002 ta yi mafarki an umarce ta da ta tara mata su yi addu'ar zaman lafiya, sai ita da Comfort Freeman da Vaiba Flomo da waɗansu matan coci suka soma haɗuwa. A wani taro da suka yi a majami'a, sai wata 'yar sanda da ta daɗe a bakin aiki, Musulma, mai suna Asatu Bah Kenneth, ta miƙe ta yi alkawari a gaban jama'a cewa za ta je ta tattaro 'yan'uwanta mata Musulmi, kuma ta cika. Kada mai sauraro ya ɗauki wannan abu mai sauƙi. Musulmin Laberiya tsiraru ne, kimanin kashi 12 cikin ɗari, kuma a lokacin shugaban LURD, Sekou Conneh, Bamandinge ne Musulmi, mayaƙansa da yawa haka. Saboda haka Kirista da yawa suna kallon kowane mai salla a matsayin ɗan leƙen asirin 'yan tawaye, Musulmi kuma ba su manta da yankan da aka yi musu a 1990 ba. Waɗansu matan cocin sun ƙi, suna cewa yin addu'a kusa da Musulmi zai raunana imaninsu. Amsar da ta rinjaye su tambaya ce guda, wadda daga baya ta zama taken tafiyar: shin harsashi yana tantance Kirista da Musulmi kafin ya shiga jiki? Ba a nemi kowa ta bar aƙidarta ba. Wannan ta yi addu'arta bisa tafarkinta, waccan ta yi tata, sa'an nan a zauna tare a yi shawara.

Kuma shawarar ta masu hankali ce. Taylor mutum ne mai son a gan shi a coci, saboda haka matan Kirista suka ɗauki nauyin matsa wa limaman coci su matsa masa. Matan Musulmi kuwa suka nufi limamai da malamai domin su yi wa jagororin LURD nasiha da harshen da suke ji. Ranar Juma'a suna ƙofar masallatai bayan an idar da salla, Asabar da safe suna kasuwanni, Lahadi suna majami'u, suna raba takardu, waɗanda ba su iya karatu ba kuma aka yi musu zane. Ni a ganina nan ne asirin al'amarin yake, kuma nan ne masu ba da labarin suka fi yin sakaci, domin sukan nuna kamar dai waɗansu iyaye ne baƙin ciki ya kwashe su suka fito titi suna kuka. Kuka kam an yi shi, amma a bayansa akwai kwamiti, akwai zaman bitar aiki, akwai mai neman ruwan sha da kuɗin mota, akwai mai magana da 'yan jarida, akwai Janet Johnson Bryant ta gidan rediyon cocin Katolika tana yaɗa kiran. Ga mu Musulmi kuwa, shigar mace cikin sha'anin sulhu da basira ba baƙon abu ba ne: ɗaliban sira sun san cewa a shekara ta 6 bayan Hijira, sa'ad da sharuɗɗan Hudaibiyya suka yi wa Sahabbai nauyi har suka yi jinkirin yanka hadaya da aski, shawarar Uwar Muminai Ummu Salama ce, Allah Ya yarda da ita, ta warware ƙullin, da ta ce wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita ya fara da kansa ba tare da ya yi wa kowa magana ba.

A watan Afrilu na 2003 suka fito. Wurin da suka zaɓa wani fili ne kusa da kasuwar kifi a kan titin Tubman, hanyar da ayarin motocin shugaban ƙasa yake bi safe da yamma, don kada ya ce bai gani ba. Suka sa fararen riguna da fararen ɗankwali, suka tuɓe 'yan kunne da sarƙa, suka bar kwalliya, ta yadda ba a gane matar attajiri daga mai tallan kifi ko mai zaman sansanin gudun hijira. Bukatunsu uku ne, ba su ƙara ba: a tsagaita wuta nan take ba da sharaɗi ba, gwamnati da 'yan tawaye su zauna su tattauna, a kawo rundunar ƙasashen waje ta shiga tsakani. Suna zaune daga hantsi har yamma, rana ta dake su, da damina ta faɗi kuma ruwa ya dake su, ruwan Monrobiya kuwa ya wuce milimita 4,000 a shekara, watau ya ninka na Kano sau huɗu ko fiye. Ku tuna kuma da irin mulkin da suke zaune a ƙarƙashinsa: a shekarar da ta gabata ne aka kama ɗan jarida Hassan Bility, aka tsare shi wata shida ana gana masa azaba. Kowace mace a filin nan ta san abin da zai iya biyo baya, ta kuma dawo washegari.

Akwai wani ɓangare da jaridun duniya suka fi yayatawa, watau shelar da matan suka yi ta ƙaurace wa shimfiɗar mazajensu har sai mazan sun sa baki a neman sulhu. Leymah da kanta ta bayyana daga baya cewa wannan bai yi wani tasiri a aikace ba, illa dai ya jawo musu hankalin 'yan jarida, kuma ina ganin rashin adalci ne a taƙaita jihadin watanni a kan wannan batu guda.

Ranar 23 ga Afrilu Taylor ya yarda ya gan su. Mata fiye da 2,000 suka taru a fadar gwamnati, Leymah ta hau ta karanta saƙonsu tana fuskantar Grace Minor, shugabar majalisar dattawa, shi kuwa yana zaune yana ji. Ta ce sun gaji da yaƙi, sun gaji da gudu, sun gaji da roƙon abinci, sun gaji da ganin ana lalata 'ya'yansu. Ya yi alkawarin zuwa taron sulhu a Gana. Suka kuma tura wakilai Saliyo, inda jagororin 'yan tawaye suke, suka karɓo irin wannan alkawari. Ranar 4 ga Yuni aka buɗe taro a Akra ƙarƙashin inuwar ECOWAS, kuma a ranar ce kotun musamman ta Saliyo ta bayyana tuhumar da take yi wa Taylor da laifuffukan yaƙi, sai ya bar taron ya koma gida, ya bar wakilansa. Ranar 17 ga Yuni aka sa hannu a kan tsagaita wuta, ba a daɗe ba aka karya. LURD ta kai wa Monrobiya farmaki har sau uku a watannin Yuni da Yuli, ruwan sha ya yanke, kwalara ta ɓarke, mutane suka cunkushe a filin wasa da makarantu, har ta kai ga jama'a sun jera gawarwakin 'yan'uwansu a ƙofar ofishin jakadancin Amurka don duniya ta gani. A Akra kuwa ana jayayya ne a kan wa zai riƙe wace ma'aikata.

Matan da suka biyo taron 'yan ƙalilan ne, da kuɗin karo-karo, sai 'yan'uwansu na sansanin Buduburam suka ƙara musu yawa, kullum suna tsaye a waje da kwalaye. Da labarin gawarwakin nan ya iso, sai haƙuri ya ƙare, suka shiga suka zauna a bakin ƙofa kamar yadda na faɗa da farko. Bisa ga ruwayar Leymah, Janar Abdulsalami ya sanar da wakilai ta lasifika cewa mata sun ƙwace zauren. Waɗansu wakilai suka nemi fita ta taga, aka tura mata suka tsare tagogin. Jami'an tsaro suka zo kama ta da laifin hana shari'a aikinta, kuma jin wannan kalma daga bakin masu gadin mutanen da suka rusa ƙasa guda shi ya ƙarasa fasa mata zuciya, ta cire ɗankwalinta, ta ce in kama ta za su yi, to za ta tuɓe a gabansu. A al'adar mutanen wannan yanki, uwa ta tuɓe a gaban namiji da gangan don baƙin ciki la'ana ce mafi muni, kwatankwacin abin da mu muke tsoro a bakin uwa. Ni ba zan yi wa tsiraici kirari ba, Allah Ya suturta mu baki ɗaya. Amma wanda zai yi hukunci a kan wannan mata, ya fara auna irin matsin da zai kai mace mai mutunci ga ganin ba ta da sauran makami sai suturarta, sa'an nan ya tambayi kansa wa ya kai ta nan.

Jami'an suka ja da baya. Janar Abdulsalami ya fito ya dakatar da ita, ya saurare su. Da wani madugun 'yan tawaye ya taso zai tsallake matan da ƙarfi, har ya ɗaga ƙafa zai shure su, sai Janar ya tsawata masa, ya ce masa ya koma ciki ya zauna, ya kuma gaya masa cewa namijin gaske ba ya kashe mutanensa. Wannan matsayi da dattijon ya ɗauka ya cancanci a yaba, domin da ya ga dama da ya kira 'yan sanda su share ƙofar, a ci gaba da zama bisa ƙa'ida. Sai ya gane cewa waɗanda ke kan daɓen nan su ne masu haƙƙi, ya ara musu ƙarfin kujerarsa. Matan suka tashi bisa sharaɗin cewa in mako biyu ya wuce ba a ga ci gaba ba za su dawo, kuma waɗanda suka halarci taron sun shaida cewa daga ranar yanayin zaman ya sauya.

Ranar 4 ga Agusta sojojin Nijeriya na farko suka sauka Laberiya a ƙarƙashin tutar ECOWAS. Ranar 11 ga wata Taylor ya miƙa mulki ga mataimakinsa Moses Blah, ya hau jirgi zuwa Nijeriya, inda Shugaba Obasanjo ya ba shi mafaka a Kalaba. Ranar 18 ga wata aka sa hannu a kan yarjejeniyar Akra. Ba zan ce matan su kaɗai suka kawo wannan ba, don faɗin haka ƙarya ne, su ma ba su faɗa ba: 'yan tawaye sun riga sun shaƙe Monrobiya, tuhumar kotu ta toshe wa Taylor hanyoyi, Amurka ta ce ya sauka, Nijeriya ta ba da soja da masauki. Sai dai duk waɗannan ƙarfi ne da zai iya kawar da mutum ɗaya ya ɗora wani irinsa, kamar yadda aka gani a 1980 da 1990. Abin da matan suka kawo, wanda ba wani mai bindiga da zai iya kawowa, shi ne kunya: sun sa madugan yaƙi sun ji ana kallonsu, kuma masu kallon iyayensu ne.

Yanzu ku dubi rabon da aka yi a cikin zauren. Majalisar riƙon ƙwarya kujera 76 ce: gwamnatin Taylor ta sami 12, LURD 12, ɗaya ƙungiyar 'yan tawayen mai suna MODEL ita ma 12, jam'iyyu 18, yankuna 15, ƙungiyoyin farar hula da sauran masu ruwa da tsaki gaba ɗayansu 7. Manyan ma'aikatu ma haka aka yanka su tsakanin masu bindiga. Kwana uku kafin sa hannu matan Laberiya da ke Akra sun fitar da sanarwa suna neman rabin muƙaman riƙon ƙwarya, abin da suka samu bai kai ko kusa ba, alhali tun watan Oktoba na 2000 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325 wanda ya yi kira da a shigar da mata cikin sha'anin sulhu. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin darasin da irin wannan rabo yake koya wa saurayi mai kallo shi ne cewa hanyar kujera ta bakin bindiga take.

Duk da haka ba su yi fushi sun koma gida ba. Suka ɗauki yarjejeniyar suka mayar da ita harshen da talaka zai gane, suka bi yankuna suna bayani. Da shirin kwance ɗamara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya rikice a watan Disamba na 2003, mayaƙa suka yi ta harbe-harbe, sai matan nan masu fararen kaya suka shiga tsakanin yaran suna lallashinsu kamar yadda uwa take lallashin ɗanta, kuma kafin ƙarshen 2004 an karɓi makamai daga mutane fiye da 100,000. Da rajistar zaɓen 2005 ta zo aka ga mata ba sa fitowa, sai suka bazu kasuwanni, wannan ta tsare wa mai tumatir tirenta, waccan ta goya mata jariri, har ta je ta yi rajista ta dawo, aka tashi mata sun kai rabin masu rajista. A zagaye na biyu Ellen Johnson Sirleaf ta kayar da George Weah, aka rantsar da ita ranar 16 ga Janairu, 2006, mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a nahiyar Afirka. Aka tsaurara dokar fyaɗe, aka kuma keɓe kotu ta musamman a Monrobiya domin irin waɗannan shari'u.

A 2011 aka ba Leymah da Shugaba Sirleaf da Tawakkol Karman ta Yaman lambar Nobel ta zaman lafiya. Shekara guda bayan haka Leymah ta ajiye muƙamin da Sirleaf ta ba ta na shugabancin aikin sasanta 'yan ƙasa, tana sukar gwamnatin da rashin yaƙar cin hanci da kuma ɗora 'ya'yan shugaba a manyan muƙamai. Wannan ya ƙara mata daraja a idona fiye da lambar, domin ya nuna cewa abin da ta tsaya a kansa gaskiya ce, ko da mai kujerar mace ce 'yar'uwarta da suka hau dandamali ɗaya.

Rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kammala aikinta a Laberiya a 2018, mulki ya sauya hannu ta hanyar ƙuri'a a shekarar, ya sake sauyawa a 2024, ba a koma daji ba, alhamdu lillahi. Saura haƙƙin jini. Taylor ya nemi tserewa daga Kalaba a watan Maris na 2006, aka kama shi a Gamboru Ngala ta jihar Borno, a bakin iyakar Kamaru, kuma a 2012 aka yanke masa ɗaurin shekara 50. Amma a kan abin da ya aikata a Saliyo ne, ba a tambaye shi jinin Laberiya ba. Hukumar gaskiya da sasantawa ta ba da shawara tun 2009 a kafa kotun laifuffukan yaƙi, aka ajiye rahoton. Prince Johnson, wanda mayaƙansa suka kashe Doe a 1990, ya zauna a majalisar dattawa tun 2006 har ya rasu a watan Nuwamba na 2024. 'Yan shari'un da aka yi, a ƙasashen waje aka yi su, irin su Suwizalan da Amurka da Faransa, da yawa kuma da taimakon shaidun da Hassan Bility, ɗan jaridar nan da aka azabtar, ya yi shekaru yana tattarawa. A 2021 wata kotu a Amurka ta ɗora wa wani tsohon kwamandan sojan Doe, Moses Thomas, alhakin kisan majami'ar St. Peter, bisa ƙarar da waɗansu da suka tsira daga daren suka shigar, sai dai shari'ar diyya ce, kuma shi ya riga ya koma Laberiya.

A watan Mayu na 2024 Shugaba Joseph Boakai ya sa hannu a kan umarnin kafa ofishin da zai shirya kotun laifuffukan yaƙi. Majami'ar St. Peter tana nan a Sinkor, a kan titin Tubman, titin da matan nan suka zauna a gefensa cikin rana da ruwa, kuma a harabarta akwai kaburburan da aka haɗa mutanen daren nan a ciki. Ranar da shugaban ya sa hannun, an doshi shekara 34 da kisan, kuma babu mutum ko ɗaya da wata kotu ta Laberiya ta taɓa gurfanarwa a kansa.